Azahar Biyu a Gari Ɗaya

Wutar solar nan ta ba ni wahala, kuma ba zan ɓoye ba. Mutane na ganin ƙwai na haske a ƙofar gida, fanka na juyawa, sai su ce an huta. Ni ban huta ba. Shekarun da na yi ina murɗa hannun injin gas har kafaɗata ta goce ba su tsufar da ni kamar watannin farko na wutar nan ba. Ba wutar ce ta yi mini ba. Zaman tsara ta ne, da ɗan gwaggona.

Ni mai niƙa ne. Garinmu yana tsakanin Kebbe da Fakku, wutar gwamnati ba ta taɓa leƙo mu ba. Rumfata tana cikin lungu, tsakiyar gidaje, inda mahaifina ya kafa injinsa na fari. Mata ba su da nisa da ni, wata ma ta kan katanga take miƙo ƙwaryarta. Da wani kamfani ya zo ya jera farantan sola a fegin bayan makaranta, anka gina ɗakin batura, anka ja waya cikin gari, sai na sayar da tsohon injina mai shan gas ga wani mutumin Jabo, na sayi mai aiki da wuta. Gas ya riga ya cinye ni. Na ce ko me za a yi, ba na komawa.

Ɗan gwaggona kuwa mai walda ne. Shagonsa na bakin hanyar mota, kusa da kasuwa da tsohon masallaci. Taubasai muke, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun muna tsirara nake kiransa bawana, shi kuma bai taɓa amsawa ba sai da zagi. Yana ce mini fatalwa, saboda garin da ke rufe ni tun daga gira har yatsu. Ina ce masa makaho, saboda baƙin tabaran nan nasa. Shi ma ya sayar da janaretonsa a makon da na sayar da injina, bai gaya mini ba, ban gaya masa ba, sai a bakin mutane munka ji.

Wadda kamfani ya turo ta tsara mana aiki mace ce, injiniya, daga Sakkwato. Ba ta kai ɗiyata ta fari ba a shekaru. Tana zuwa bayan babur da hular kwano bisa hijabi, ta sauka tana kakkaɓe jiki tana cewa sannunku Baba. Anka kafa kwamiti: wakilin mai gari, hedimasta, malamar asibiti, sai mu biyu masu manyan inji. Zaman farko a ajin makaranta munka yi shi, bisa bencin yara, gwiwoyina na taɓa haɓata.

Ta yi mana bayani yadda ko ni na gane. Ta ce wutar nan ba kogi ba ce, randa ce. Rana ke cika ta. Abin da munka ɗiba da rana tsaka ba shi da laifi, don ana ɗiba ana zubawa. Amma in rana ta yi sanyi, abin da ya rage cikin batura na dare ne: fitilu, fankoki, da firijin asibiti inda ake aje allurar yara. Don haka duk wani babban inji da rana zai yi aikinsa. Famfon burtsatse ya cika tanki da safe. Sannan ta dube mu.

«Baba mai niƙa, Baba mai walda, ku ne damuwata. Akwatin da ke rarraba wutar nan, inbata muke ce masa, ba ya ɗaukar injinanku biyu lokaci guda. In kuka haɗu, zai kashe kansa, gari duka ya mutu. Dole ɗaya ya gama kafin ɗaya ya fara.»

Ɗan gwaggona ya ce, «Ai da sauƙi. Ubangida ya fara, bawa shi jira.»

Na ce, «To ka ji, Injiniya, ya yarda shi jira.»

Rabon bai yi wuya ba, don aikin da kansa ya raba. Manomi da garmarsa ta karye da safe yake son gyara. Mace kuwa sai ta yi surfe, ta wanke, ta shanya, hatsi ya sha iska, kafin ta kawo niƙa, wannan kuwa sai rana ta raba. Walda ta ɗauki hantsi, niƙa ya ɗauki bayan rana zuwa la'asar. Injiniya ta so ta yanka mana ƙarfe kaza na agogo. Wakilin mai gari ya girgiza kai, ya ce wa ke duba agogo hannunsa cikin aiki. Ya ce a nan garin kowa ya san azahar. Ladan ya kira, mai walda ya kashe, mai niƙa ya kunna. Duk munka ce haka ya fi. Ta ce to, tunda kun fi ni sanin garinku.

Mun san garinmu, shi ya sa babu wanda ya tuna. Abin da kake gani kullum ba ka ganinsa. Masallatai biyu ke da lasifika a garin. Sabon, na unguwarmu, rana na gocewa ladansa ke kira. Tsohon, na bakin kasuwa, ladansa dattijo ne da ya gaji kiran daga ubansa, kuma sai zafin rana ya karye yake tashi. Tsakanin kiran biyu, mace za ta iya ɗora tukunya ta sauke. Ni a sabon nake salla. Ɗan gwaggona a tsohon, inda ubansa ya yi har ya rasu.

Ranar farko na ji kira, na je na yi salla, na dawo na danna. Injin ya ɗauka da wani sauti mai daɗi, ba hayaƙi ba ƙauri. Ban gama ƙwarya ta biyu ba ya yi shiru. Rediyon maƙwabcina ya yi shiru. Hedimasta, da yake shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin batura, ya baro aji ya tafi yana waya da injiniya tana gaya masa abin da zai taɓa. Washegari haka. Wanshekare haka.

Na hau babur na sami ɗan gwaggona a shago, ya ɗage tabarau bisa goshi yana cin gyaɗa, tunda wuta ta mutu.

«Kai makaho, kunnen ma ya tafi? An yi kira kana ta zuba tartsatsi.»

«Wane kira? Ɓarawon lokaci. Kai ka kunna tun rana na tsaka, don kwaɗayi.»

«Na yi salla kafin in kunna.»

«Sallar walha dai. Miƙo hannu ka ci gyaɗa, fatalwa, kak ka zuba min gari cikin ta.»

Na ci gyaɗar, na tafi ina ganin maƙaryaci ne, shi ma haka yake ganina. Malamar asibiti ce ta gano. Ita ɗakinta yana tsakiya, tana jin lasifikokin biyu, tana kuma jin lokacin da firijinta ke daina gurnani. A zama na gaba ta ce, «Ku yi haƙuri, iyayena, wace azahar kunka ce?» Sai hedimasta ya kifa kai bisa benci yana dariya har yana tari. Injiniya ta rufe baki da gefen hijabi. Wakilin mai gari bai yi dariya ba, don maganarsa ce.

Ka ce daga nan an gama. Ba a gama ba. In anka bi kiran farko, ɗan gwaggona ya rasa lokacin da rana ta fi ƙarfi. In anka bi na biyu, ni ne zan riƙa tsere da la'asar, mata na tsaye kaina da ƙorai. Ban da wannan, wanda duk ya yarda da kiran ɗan'uwansa kamar ya ce nasa masallacin ne ke kuskure. Wani ya kawo shawarar a roƙi ladanan su daidaita. Anka aika. Liman na tsohon masallaci ya ce a gaya mana ba a matsar da salla don injin niƙa. Na sabon ya ce ba a jinkirta ta don walda. Wannan karon kaɗai na taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya.

Sai anka koma ga agogon da munka raina. Injiniya ta yanka a tsakiyar kiran biyu, kowa ya yi asara daidai da ɗan'uwansa. Ta karɓi wayoyinmu ta sa musu ƙararrawa. Kafin ta hau babur ta ce, «Baba, akwatin nan duk kashewar da yake yi tana cin ransa. Don Allah ku taimake ni. Ni ce zan amsa tambaya a ofis.» Mun ji kunyarta. Duk bazarar nan lafiya lau munka yi. Wayata na ƙara in kira shi in ce bawa, sauka, ubangida zai hau. Ya ce hau, Allah ya sa bel ɗinka ya tsinke.

A lokacin ne na fara jin daɗin tsarin, ko da ban faɗa ba. Na koyi duban sama kamar manomi. In gari ya waye da hadari na san yau niƙa kaɗan ne, sai in aika gidaje a ce mai tuwon dare kaɗai ta kawo, mai ajiya ta bari. Matata ta daina wanke rigunan da gas ya ɓata. Tarin da nake yi da asuba ya ragu.

Ruwan shuka ne ya ɓata komai. An yi ruwa mai yawa, gari ya waye kowa na neman garmarsa. Wadda ta kwana rani a zaure tana tsatsa sai ranar ake tuna ta karye. Shagon ɗan gwaggona ya cika, har daga ƙauyukan gefen Fakku an zo da shanu a ɗaure. Ni kuma ana suna a gida biyu a unguwarmu, buhunan dawa jingine da rumfata. Sama ba ta washe sosai ba. Ƙararrawa ta yi, na kira shi, bai ɗauka ba. Na sake kira. Wata tsohuwa cikin masu sunan ta ce, «Kai yaro, tuwon mutane kaka riƙe ko waya?» Na ce a raina lokacina ne. Na danna.

Shi kuwa yana tsakiyar haɗa bakin garma, mai ita na tsaye yana roƙonsa, wayar na cikin aljihun rigar da ya rataye. Wannan karon akwatin bai kashe kansa kawai ba. Wani abu ya ƙone a ciki, hedimasta ya ce ƙaurin ya tarbe shi tun daga ƙofa. Kwanaki gari ba wuta. Tanki ya ƙafe, mata sunka koma rijiya. Malamar asibiti ta zuba alluran yara cikin kula ta hau babur zuwa Kebbe cikin taɓo, ta dawo da zanenta jaje-jaje. Da ta wuce ta gaban rumfata ta gaishe ni kamar kullum. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Injiniya ta zo da masu gyara, sannan ta tara mu bayan la'asar. Ba ta yi faɗa ba. Idanunta sun faɗa, muryarta ta dushe. Ta ce kamfani ya gyara wannan karon, amma an ba ta umarni: layin babban inji guda ɗaya za a bari a garin har sai an ƙaro kayan aiki, ba ta kuma san yaushe ba. Kwamiti ya zaɓa. Jibi masu cire waya za su zo.

Anka ce mu biyu mu fita waje. Munka tsaya ƙarƙashin dogon yaro muna kallon awaki. Ya ce, «In sun cire ka, zan ɗauke ka aiki. Kana riƙe min ƙarfe.» Na ce, «In sun cire ka, kana share min dussa.» Kowa ya san abin da kwamiti zai ce. Ana iya kai garma Kebbe a gyaro, ba a kai tuwon dare. Da anka kira mu, wakilin mai gari ya faɗi ba tare da ya dubi kowa ba: niƙa ya zauna.

Ɗan gwaggona ya ce, «Madalla. Haka ya dace. Ni ma da ina ciki haka nika cewa.» Ya yi wa kowa sallama, ya sa takalmi ya tafi. Bai zage ni ba. Tunda nake da shi bai taɓa barin wuri bai bar mini baƙar magana ba.

Na bi shi shago kafin magariba. Na tarar yana naɗe wayoyinsa, ya sauke tabarau ya sa cikin buhu. Mutum ne mai iyali da yawa, ga gwaggo a ɗakinsa, ta tsufa ba ta gani sosai. Gonarsa ba ta ciyar da su rabin shekara.

«Ina zuwa?»

«Tambuwal. Akwai wani da na koya ma aiki, shina da shago yanzu bakin titi. Ba ya ƙi na.»

«Ka zauna ƙarƙashin yaronka?»

«Mi a ciki? Na zauna ƙarƙashin bakinka shekara nawa ban mutu ba.»

«Gwaggo fa?»

«Ga ka nan. Ba uwarka ba ce? Ka riƙa kai mata tsaki.» Ya ɗaure bakin buhun. «Tafi, fatalwa, kana tsorata min maƙwabta.»

Na tsaya ina duban shagon. Fili ne babba, rufin kwano, gefe guda ba komai sai tsofaffin ƙafafun amalanke. Amalanke na shigowa har ciki ta juya. Rumfata kuwa ko jaki da kaya sai ya karkata yake shiga lungunta, balle a ce a jawo garma da shanu. Ko na ce ya dawo wurina, babu inda zai tsaya, ba kuma zai zo ba. Na san shi. Ya gwammace ya yi wa yaronsa aiki a wani gari da a ce ya raɓu da ni a garinmu.

Injiniya ba ta tafi ba, tana gidan malamar asibiti. Na yi sallama ta fito ƙofa, ana shirin kiran magariba.

«Injiniya, tambaya gare ni. Mutum za ku cire ko waya?»

«Waya, Baba. Layi guda.»

«In layi guda ya rage, soket guda, inji biyu na gefensa. Wanga ya zare, wanga ya soka. Ya halatta?»

Ta dube ni. «Ya halatta. Ba yadda za a yi su haɗu, ko kun so. Na yi tunaninsa tun farko, amma ban ga wanda zai taso da injinsa ba, shi ya sa ban faɗa ba. Shi zai dawo wurinka?»

«A'a. Nawa layin za ku cire.»

«Baba, kwamiti kai ya bar wa.»

«To nawa ne, na kuwa ce a cire. Ki gaya musu.»

Ta ce sai an ja katanga tsakanin gari da tartsatsi, kuma kada a bar dussa ta taru. Na ce za a ja. Ta ce mata za su yi tafiya mai nisa da ƙorai. Na ce na sani, zan sha zagi, na saba. Ta ce, «Shi ya yarda?» Na ce bawa ba a shawara da shi. Ta yi dariya, irin wadda ban ji ta yi ba tun ranar azahar biyu.

Matata ba ta yi dariya ba. Ta ce wurin da ubanka ya kafa, ka tashi ka koma bakin hanya kamar baƙo, kullum kana jin bakin mutumin nan tun safe har yamma. Na ce haka ne. Ta ce kuma ita za a riƙa tarewa a gidan biki ana yi mata ƙorafin nisa. Na ce haka ne. Ta tura mini tuwo ta ce in ci, tunda kunnena na ado ne.

Da gari ya waye, bayan na dawo masallaci, na ɗauki sifana na durƙusa gindin injin. Notukan sun ci ƙasa, biyu sai da na zuba musu mai na jira. Na ari amalanken maƙwabcina da shanunsa, munka tsaya da ita bakin lungu, mutum fuɗu munka ciccibo injin muna nishi munka ɗora. Mata na leƙowa ta kan katanga suna tambaya ko an sayar ne. Na ce ba a sayar ba, a biyo ni bakin kasuwa bayan azahar, kowace azahar mutum ya ga dama.

Na sami ɗan gwaggona yana ɗaure buhu bayan babur. Ya dubi shanun, ya dubi injin, ya dube ni.

«Mi ne ne wanga?»

«Kwance kayanka. Gindi nika so ka haɗa min, na ƙarfe, mai ƙwari, ba irin aikin da kaka yi ma mutane ba. Ga can inda za a aje shi. Ka kwashe tarkacen nan.»

Ya daɗe tsaye, hannunsa bisa igiyar buhun. Sannan ya juya baya, ya fyace hanci, ya fara kwance ƙullin.

«Kak ka sauke min shi nan, fatalwa. Matsa da shanun gaba, ƙasar wurin ba ta daidaita ba.»

Na ja shanun gaba.